Waƙoƙi uku da suka kwana da mu a shago

Da an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai aure ya ɓarke a ƙasar Maradi, mu kuma teloli barci ya ƙaurace mana. Bana tun shigowar ɗari ban rufe shago kafin ƙarfe biyu na dare ba. Mu biyar ne, ni da yara huɗu, a wani lungu bayan babbar kasuwa. Atamfar anko jibge har kusa da rufi, kowace uwar biki ta ce jibi za ta aiko a karɓa. A irin wannan dare abu biyu ke riƙe mutum a kan keke, shayi da waƙa. Shayin ni ke saye. Waƙar kuwa yara ke zaɓa, don ƴar sifikar da ke rataye a ƙusa da wayoyinsu take haɗe. Ta haka na ji kusan duk abin da ya fito bana, wata waƙar ma sau ashirin a dare guda. Wanda ya ji waƙa sau ashirin yana taka keke, zai san inda ɗinkinta ya kama da inda zare ya yi tsalle.

Guda uku nake son in yi magana a kansu.

Ta farko daga Kano ta zo, kamar yawancin abin da yaranmu ke ji. Ba zan kama sunan mawaƙin ba, don abin da zan faɗa ba nasa ne shi kaɗai ba. Waƙar soyayya ce, namiji ya yi baiti mace ta mayar, kiɗan fiyano a ƙasa. Tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba, kuma ko a 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, motocin kaya suka yi cirko-cirko a hanyar Jibiya da Dan Isa, waƙa ba ta tsaya ko yini ɗaya ba. A saki da safe a Kano, kafin la'asar tana wayar ɗan kabu-kabu a Sabon Gari. Ni ba na cikin masu cewa waƙoƙin nan duk shirme ne. Yaron ya iya zaɓen kalma. Ƙafiyarsa ba ta karye ba tun daga fari har ƙarshe, kuma akwai wani baiti da ya kwatanta jiran saƙon masoyi da jiran ruwan shuka, wanda duk lokacin da ya zo sai ƙaramin yarona ya ɗaga ƙafa daga keke. Wannan gwaninta ce, ba a raina ta.

Abin da ya dame ni shi ne amshi. Ka saurara da kyau, za ka ji muryoyi uku ko huɗu suna karɓa masa, amma duk shi ne. Ya yi waƙar, ya koma ya yi wa kansa amshi, an jera muryoyin a kwamfuta, an bi su da na'urar gyaran murya har suka yi sumul kamar an goge shadda da dutsen guga. Mu da muka tashi muna jin makaɗa a bakin kasuwa da filin kokawa mun san amshi ba ado ba ne. Ƴan amshi su ke ba mawaƙi numfashi. A ɗan tsakanin da suke karɓa, a nan yake duba fuskokin mutane, ya hango wane ya shigo, ya ɗinka baiti na gaba. In ya yi sanyi su zuga shi, in ya yi nisa su jawo shi. Duk wanda ya taɓa sa kaset ɗin marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san rabin daɗin yana wurin mutanen da ke bayansa. Waƙar da mutum ɗaya ya yi wa kansa amshi, ko ta kai ina da kyau, ɗaki ce mai mutum ɗaya a ciki. Shi ya sa nake jin ta daɗi a dare na farko, a dare na biyar kuma ta wuce ta kunnena kamar ƙarar keke.

Na san dalili, ban kuma ga laifin yaran ba. Ɗaukar mutum huɗu zuwa situdiyo kuɗi ne. Ba mai sayen kaset yanzu, ba mai sayen faifai. Waƙa ta fito yau, gobe mai turi a bakin tasha ya zuba maka ɗari a katin memwar da kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba, ko sisi kuma ba zai isa hannun mai waƙar ba. Abin da ke ciyar da su shi ne waƙar biki da ta ƴan siyasa. Kiɗa ɗaya, a cire sunan amaryar makon jiya a sa na ta wannan mako. Ni ma da nake ɗinka anko iri ɗaya kala hamsin na san yadda neman abinci ke sa hannu ya saba da hanya guda.

Ta biyu ɗan ƙanwata ne ya kawo ta. Yana karatu a Jami'ar Dan Dikko Dankulodo, yakan biyo shago da dare ya taya mu sa maɓalli. Ya ce, "Kawu, bari in sa maka ɗan ƙasarmu da Turawa suka fi mu sani." Mdou Moctar ne, Ba'abzine mai kaɗa jita da hannun hagu. A 2024 ya fitar da faifai da jitar lantarki, mai ƙara kamar hadari ya taso daga gabas. A farkon 2025 sai ya sake fitar da waƙoƙin nan dai, amma da jitar katako, a hankali. Na farkon ya fi ƙarfin kunnena, yaran ma minti biyu suka ce a canza. Na biyun kuwa na ce a bar shi. Ba na jin Tamashek ko kalma goma, amma na ji yatsa na goga tsirkiya, na ji inda mutum ya ja numfashi kafin ya ɗaga murya. Da misalin ƙarfe ɗaya na dare, iskar ɗari na kaɗa labulen ƙofa, sai na ga duk shagon ya yi tsit, kekuna kawai ke tafiya.

Wani abu da yaron ya gaya mini ya tsaya mini a rai. Faifan farko na mutumin nan, a 2008, a Sakkwato aka ɗauke shi, da irin kiɗan na'ura da gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke yi, kuma ta wayoyin hannu ya yaɗu a sahara, daga wannan kati zuwa wancan. Ashe ta ƙofar da yaranmu ke shiga shi ma ya shiga. Daga baya ne ya koma ga abin da ya taso da shi, da harshensa da salon jitar mutanensa, kuma da wannan ɗin duniya ta san shi.

Ta uku ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ba za ka same ta a gidan rediyo ba tukuna. Wani yaro ne ɗan unguwarmu, ɗan kabu-kabu, abokin babban yarona. Ya yi shekara biyu yana waƙa, ya taɓa kawo mini guda biyu na ji, na ce masa Allah ya taimaka, don ban sami abin faɗa ba. Da bakin Kano yake yin su. Yaron da aka haifa a Bagalam, wanda in ya zo shago zai ce "mi kaka yi, Maigida?", in ya shiga situdiyo sai ya koma "me kake yi". "Munka" da "sunka" duk ya zubar da su a bakin ƙofa, kamar takalmi. Ba shi kaɗai ba, kusan duk yaranmu masu waƙa haka suke, suna ganin in ba su yi haka ba za a ce ƙauyanci.

To wannan karon ya zo da wani abu dabam. Mahaifiyarsa mai ƙuli-ƙuli ce, da man gujiya ta yi masa lakkwal har inda ya tsaya. Ta yi jinya da damina, Allah ya ba ta sauƙi, shi ne ya yi mata waƙa. Ya ce da ya zo rubutawa ya gwada da Hausar da ya saba waƙa da ita, sai ya ji kamar da uwar wani yake magana. Sai ya yi ta yadda yake yi mata magana a tsakar gida. Amshin gajere ne. Shi ya ce, "Da mi za ni biyan ki, Inna?", ƴan amshi su ce, "Sai Allah." Ƴan amshin kuwa ƙannensa mata ne biyu da wata maƙwabciyarsu, ba wadda ta taɓa tsayawa gaban makirfo. A baiti na uku muryar ƙaramar ta ɗan yi rawa, ta shigo a makare kamar da ƙiftawar ido. Mai situdiyo ya so ya gyara, yaron ya hana. Duk lokacin da wurin nan ya zo sai tsikar jikina ta tashi, don ana jin yarinyar ta tuna da wa ake magana.

Sai kuma kiɗan. Akwai wani dattijo a wajen mahauta, gidansu gidan kalangu ne kaka da kakanni, don kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. Ya daɗe bai fita biki ba, yanzu masu biki sifika suke haya. Yaron ya je ya durƙusa masa, ya ce, "Baba, so nike ka kaɗa mini." Dattijon ya ce shi bai san kiɗan cikin kwali ba. Da ƙyar ya yarda, aka ɗauko shi a bayan babur da kalangunsa a rungume.

A nan ne na gane abin da kunnena ya daɗe yana nema bai san sunansa ba. Kalangun da ke cikin fiyano an ɗauki bugu ɗaya ne aka adana, duk inda ka taɓa shi zai ba ka, ba ya hawa ba ya sauka sai a matakan da aka yanka masa. Kalangu na gaske a hammata yake. Makaɗi ya matse igiyoyin, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya saki, ya sauko. Yana iya bugu ɗaya ya lanƙwasa shi tun bai mutu ba. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum da yi masa kirari ba tare da an buɗe baki ba. A waƙar nan, bayan ƴan matan sun ce "Sai Allah", sai dattijon ya maimaita da kalangu, ka ji kalmomin biyu sarai. Ranar da aka fara sa ta a shago, wata hajiya da ta zo awo ta tsaya da mayafi a hannu, ta ce, "Wanga kalangu magana shikai." Ta ce rabonta da jin haka tun bikin ƙanwarta a Tibiri.

Ba zan ce waƙar ba ta da aibi ba. Tana da shi, na kuma gaya wa mai ita. Wajen ƙarshe ya ɓata kusan minti biyu yana jero sunayen abokansa na fada da na tashar babura, abin da bai haɗa komai da Inna ba. Na ce masa wannan kamar ka gama babbar riga ne ka liƙa mata aljihun yadi dabam. Kuma mai situdiyo ya sa wani kiɗan na'ura a ƙasa mai dukan ƙirji, wanda a wasu wurare yake danne kalangun. Muryar yaron ma ba ta kai ta mawaƙin Kano ɗin nan zaƙi ba, ko kusa. Amma yau kwana ashirin ke nan muna jin ta, ba wanda ya ce a canza. Yaran da ke cewa kiɗan gargajiya na tsofaffi ne, su ne yanzu ke karɓa "Sai Allah" da ƙarfi suna taka keke, har maigadin lungu ya haddace.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne irin dattijon nan ba su da yawa, kuma ƴaƴansu sun kama wasu sana'o'i. Har yanzu in ana kokawa a filin Kantu, wanda aka sa wa sunan ɗan Maradin da ya fara ɗaukar takobin gasar kokawa ta ƙasa a 1975, za ka ji ganga da kirari na gaske, jini ya motsa. A fadar Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir a Tibiri akwai kakaki da algaita ranar Sallah. Amma masu gurmi da goge da kalangun biki, waɗanda ba su da fada ba su da fili, su ne ke ƙarewa shiru. Marigayi Malam Maman Barka, kafin rasuwarsa a 2018, sai da ya tafi har yankin tafkin Cadi ya koyi biram, wata tsohuwar abar kiɗa mai tsirkiya, a wurin tsohon da ya rage yana kaɗa ta, don kada ta bi shi kabari. Mu namu tsofaffin ba sai an yi doguwar tafiya ba, suna nan bayan mahauta, kuɗin babur ne tsakaninmu da su.

Jikka goma sha biyar yaron ya kashe a waƙar nan, har da goron dattijo, kuɗin da ya tara a kan babur. Shekaranjiya ya zo ya ce yana son ya sake ɗaukar ta, a cire sunayen, a rage kiɗan na'urar, kuma dattijon ya ce in za a sake zai zo da ƙanensa mai ɗan karɓi, wato ƙaramar gangar da ke karɓa wa kalangu, don kalangu shi kaɗai maraya ne. Na ce masa in an biya ni kuɗin ankon nan ranar Juma'a, rabin kuɗin situdiyo a wuyana. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, ƙanwar nan tasa ita za ta sake yin amshi, kuma in muryarta ta sake rawa a bar ta yadda take.