Igiya ɗaya tsakanin kwamfuta biyu

Bayan babbar Salla bukukuwa suka yi mini yawa. Tsohuwar kwamfutar shagona da ke unguwar Zariya, nan Maradi, ta cika maƙil da bidiyon aure, giga 180, ga sabuwa na sayo tana zaune fayau. Kile ɗin USB da nake da ita giga 16 ce, kuma ta sha yawo wurin masu tura waƙoƙi, ban yarda da lafiyarta ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce, "Kawu, igiyar rezo kawai za ka sa tsakaninsu, ba ruwanka da intanet."

Na shiga babbar kasuwa aka yanko mini mita uku na igiyar rezo irin ta Cat5e da kawunan RJ45 da ake cusawa a kwamfuta, na aro abin matsewa. Mai kayan ya rantse sai na yi ta kurwaze, wato a musanya wayoyi a kai ɗaya. Yana da hujja. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, an murɗe su bibbiyu, kuma tsofaffin katunan rezo na cikin kwamfuta suna aikawa ta ƙafa ta 1 da 2, wato ƙarafunan da ke jere a kan igiyar, su karɓa ta 3 da 6. In ka haɗa biyu kai tsaye, baki ya fuskanci baki, ba mai saurare, shi ya sa ake musanya mai ruwan lemo da kore a kai ɗaya. Amma wannan zancen jiya ne. Katin gigabit, mai gudun 1000, da kansa yake juyawa, abin da ake kira Auto MDI-X. Na jera kawunan biyu iri ɗaya, na cusa, fitilar ramin igiyar ta kama.

Da yake babu na'urar da ke raba adireshi, kowace ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Na sa musu da hannu: 192.168.1.1 da 192.168.1.2, mask 255.255.255.0. Na buga ping, umarnin da ke gwada ko ɗaya kwamfutar za ta amsa. Shiru. Sai maganar mai kasuwa ta dawo mini, na yanke kai na sake matsewa. Shiru. Har sau uku, ina gumi ina tsine wa igiya.

Bayan la'asar yaron ya iso, ya leƙa bayan kwamfutar, ya ƙunshe dariya. "Kawu, ai fitila na ci, me igiya ta yi maka?" Ashe Windows ce ta rubuta "réseau non identifié", wato rezon da ba ta sani ba, ta ɗauke shi rezon jama'a, katangar tsaronta ta hana ping da musayar fayil. Ya buɗe musayar, ya raba babban fayil ɗin bidiyon, muka shiga da suna da kalmar sirrin tsohuwar kwamfutar. Minti biyar bai kai ba.

Sai ga tura tana tafiyar hawainiya, mega 11 a daƙiƙa, wai sai bayan awa huɗu da wani abu. A wannan zafi wa zai ba ka tabbacin wuta ta awa huɗu? Muka duba, gudun haɗin ya tsaya a megabit 100 maimakon 1000. Na haska kan da fitilar waya, roba ce garau ana ganin ciki: wayar ƙarshe, mai ruwan ƙasa, ba ta kai ga ƙarfenta ba, ta rage kamar tsawon ƙwayar gero. Gudun 100 wayoyi huɗu ke ɗaukarsa, shi ya sa fitila ta yi ta ci, gigabit kuwa sai duka takwas. Matsin da na yi na uku cikin fushi shi ya jawo. Igiyar da na zarga ba ta da laifi sai da na sa mata hannu.

Wannan karon yaron ya matse. Gudu ya haura mega 90, faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar bai iya wuce nan ba, kafin isha'i an gama. Ban goge kome a tsohuwar ba sai da na buɗe bidiyon amare ɗaya bayan ɗaya, sannan muka rufe musayar. Igiyar tana nan rataye a ƙusa, ta rage tsawo da kusan taƙi guda.