Ƙidayar makullan ruwa a zanen da hannaye da yawa suka taɓa

Aikina zane ne a wani ƙaramin ofishin injiniyoyi nan Tawa, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina na ruwan sha ne: shimfiɗa tiyo zuwa sabbin unguwanni, famfunan unguwa, wani lokaci shato na ƙauye. Da manhajar zane ta AutoCAD, sigar Faransanci, muke aiki. Wani fayil ya zo mana daga Yamai bayan ya bi ta hannun mai awon ƙasa, da wani ofishi, da ɗalibin da ya yi horon aiki a wurinsu. Abu biyu shef ya nema: a mayar da wani reshen tiyo daga 63 zuwa 90 a duk inda aka rubuta girmansa, sannan a ƙidaya makullan ruwa da famfunan unguwa saboda takardar kiyasin kuɗi.

Na fara da rubutu. Umarnin shi ne RECHERCHER. Wanda ya koya da na Turanci sai ya sa ɗan layin ƙasa a gaba ya rubuta _FIND, zai buɗe masa ko da wane harshe manhajar take. Akwai gurbin abin da kake nema, da gurbin abin da za ka maye gurbinsa da shi, da maɓallin musanya duka a lokaci guda. Kafin in kusanci wannan maɓallin sai na kunna jerin sakamako, in ga me 63 za ta kawo. Ta kawo tiyon da nake nema, ta kawo fili mai lamba 163, ta kawo 630, ta kawo alƙaluman tsayin ƙasa da mai awo ya warwatsa ko'ina. Da an musanya duka, da fili 163 ya wayi gari yana 190, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka je shata iyaka.

Akwai zaɓin da ke cewa a nemo cikakkiyar kalma kawai. Ya kori 163, amma ya haɗa da DN63 da aka rubuta a manne ya kore (DN haruffan da ake sa wa gaban lambar girman tiyo ne). A nan ne na ga yawan hannayen da suka taɓa zanen: wannan ya rubuta DN63, wancan DN 63, wani PVC63, wani kuma ya sa alamar faɗin tiyo wadda ake bugawa da %%c. Manhajar kuwa kamar yaron aike take, ka ce ya kira Abdu, zai wuce Audu yana zaune a zaure ya dawo ya ce bai gan shi ba.

Abin da ya fid da ni shi ne rage filin neman. Na zaɓi reshen da idona tun daga inda ya balle daga babban tiyo har ƙarshensa, na ce a nema cikin abubuwan da aka zaɓa kawai, ba cikin zanen duka ba. Dama sauran rassan 63 ɗinsu daidai take, ba a ce a taɓa su ba. Jerin ya taƙaita, na bi shi layi bayan layi, ina danna maɓallin da ke kai ka kan rubutun a zane kafin in musanya.

Ga famfunan unguwa, waɗanda ake yi wa lamba da BF, alamomin wakilci ne suka yi aiki, amma sai an kunna su a cikin zaɓuɓɓukan. Tauraro yana wakiltar kowane jerin haruffa, alamar tambaya harafi ɗaya tak, alamar # kuma lamba ɗaya. BF## yana kama BF01 da BF12, ba ya kama BF-12. Ni dai da waɗannan alamomi dubawa nake yi, ba na musanya da su. Haka sunayen wurare: Illéla mai alama a kan e da Illela marar alama ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin manhajar sai ka kashe zaɓin bambanta alamomin kan haruffa. Haruffanmu masu lanƙwasa ma da tasu rigimar, don tsofaffin salon rubutu na SHX ba su da ƙ da ɗ, sai ka ga alamar tambaya a gurbinsu. Harafin yana nan a ciki, nuna shi ne salon ya kasa, kuma sauya salon zuwa wanda ke da haruffan yana gyara shi.

Duk da haka jerin ya ƙi cika. A kusurwar gabas ta zanen ina kallon BF ɓaro-ɓaro har wuri huɗu, jerin bai san da su ba. Na danna kan B ɗin, na buɗe akwatin bayanin abu da Ctrl+1, sai ya ce layi ne. Ba rubutu ba ne sam, ƴan sanduna ne aka jera suka yi kama da harafi. Wannan yanki daga PDF aka shigo da shi. Tun sigar 2017 AutoCAD ke iya shigo da PDF ya mayar da shi zane, sai dai rubutun SHX a cikin PDF layuka yake zama, kuma a layuka yake dawowa. Akwai umarnin PDFSHXTEXT da ke ƙoƙarin gane siffar ya mayar da ita rubutu, idan ka nuna masa salon da ya dace. Ya gane wasu, sauran na goge na sake bugawa da hannu, don sun fi saurin bugawa da a zauna lallashin manhaja.

Makullan ruwa su suka fi cin rai, domin su ba rubutu ba ne, alama ce da ake haɗawa a matsayin bulok a ba ta suna. Ana neman su da SELECTRAP, wato _QSELECT: ka ce nau'in abu bulok, sunansa VANNE, ya zaɓo maka duka ya faɗi adadi. Adadin ya fito tsaf. Ni kuwa ban yarda da adadin da hanya ɗaya ta ba ni ba, sai na buga zanen a takarda na bi tiyo da jan biro ina yi wa kowane makulli alama. Lissafin biyu bai haɗu ba.

Na kai wa shef. Na ce, "Shef, adadi biyu gare ni, na kwamfuta daban, na biro daban."

Ya ɗago ya ce, "To, Malam, wanne za mu sa wa hannu? Ka san ɗan kwangila abin da ke takarda zai saya."

Na ce ya ba ni zuwa la'asar.

Dalilan ɓatan sun kasu. Wasu makullan an fasa bulok ɗinsu sun koma da'ira da layuka, ido na ganin makulli, manhaja na ganin da'ira. Wasu suna da suna irin A$C da jerin lambobi a baya, sunan da AutoCAD ke laƙaba wa abin da aka kwafo aka manna a matsayin bulok. Wasu suna kan kalk da aka daskarar, wato shimfiɗar zane da aka ɓoye gaba ɗaya, kuma zaɓi ba ya shiga can sai an narkar da ita. Na tsohon layin ruwa kuwa ba a fayil ɗin suke ba ma, suna cikin wani fayil da aka jingino daga waje. Ana ganinsu, amma SELECTRAP ba ya leƙa cikinsa, kamar yadda ba ya leƙa bulok ɗin da ke cikin wani bulok.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ƙari. Kwamfuta ta ƙidaya makulli ɗaya da biro bai gani ba. Na ware waɗanda aka zaɓa, na ce a nuno min iyakar zanen duka, sai garin ya koma ɗigo a saman allo, ga wani ɗigon can ƙasa. Zanenmu a ma'aunin UTM yake, wato tsarin nuna wuri a taswira da lambobi, shiyya ta 31, inda Tawa ke wajen 740 000 gabas da sama da 1 600 000 arewa a lissafin mita. Wani ya manna makulli a sifili da sifili, ya yi nesa da gari da fiye da kilomita 1600, amma a ƙidaya yana nan daram, da har kuɗinsa an sa.

Na mayar da fasassun bulok, na haɗa sunayen suka koma guda, na goge baƙon. Sannan na yi amfani da umarnin fitar da bayanai, _DATAEXTRACTION, wanda shi yana iya shiga fayil ɗin da aka jingino, ya ba ni teburin Excel mai sunan kowane bulok da kalk ɗinsa da inda yake. Sabbin sigogi tun daga 2022 suna da umarnin COUNT na ƙidaya, tamu ta girme shi. Abokina da ke zanen gine-gine da Revit a Yamai yana yi min dariya, wai shi teburin ƙidayarsa da kansa yake cika. Gaskiya ne, amma ko can idan mutum ya zana ƙofa da layuka maimakon ya saka ƙofa, teburin ba zai gan ta ba.

Tun daga wannan aiki, duk fayil ɗin da ya shigo ofis sai na narkar da kalk duka, na duba jerin sunayen bulok da na fayilolin da aka jingino, kafin in nemi komai. Yaran da ke zuwa horo daga jami'a kuma na kafa musu sharaɗi: DN, tazara, lamba, makulli bulok ɗaya, ba a fasa shi.

Makulli ɗaya ne ya rage da zane bai iya warwarewa ba, a mahaɗar sabon reshe da tsohon layi. Wani zanen ya nuna shi a matsayin wanda ke nan, wani a matsayin wanda za a sa. Shef ya tura ma'aikacin fili da babur ya je ya tona, ya tarar yana nan, rairayi ne ya binne murfin. Muka cire shi daga kiyasin kuɗi, shef ya sa hannu, takarda ta tafi Yamai.