Ram ɗin Ɗan Agadas

Talata, Madina.

Yau ma kwamfutata ta yi halinta. Ina tsakiyar gyaran hashiyoyin babi na uku na risalata ta digiri, wanda mushrif, malamin da ke duba min aikin, ya ce lallai ya gan shi kafin Alhamis, kawai sai sikirin ya koma shuɗi da wannan 'yar fuskar mai ɓata rai a sama, ta gama ƙirgenta har ɗari ta mutu ta tashi da kanta. Allah ya taimake ni Word ya dawo min da yawancin aikin, takhrijin hadisi ɗaya, wato bin diddigin littattafan da suka ruwaito shi, ne ya tafi, shi ne kuma wanda na fi shan wuya a kansa. Uwargida tana kicin ta jiyo salatina, ko leƙowa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi "Allah ya kyauta Malam, ta sake ke nan."

Masu bina kun san tun bayan babbar salla nake wannan kukan, har na san wasunku sun gaji. Ba abin da ban gwada ba a iya ɗan sanina. Na buga sfc /scannow, umarnin da ke duba lafiyar fayilolin Windows, ya yi ta bincikensa ya ce shi bai ga komai ba. Na nemi bairos babu. Na sabunta draibobi, ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfutar. Na shiga Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin matsaloli, na ga Kernel-Power 41 jere reras, da na bincika ma'anarsa ashe cewa yake kwamfutar ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, to ai wannan ni ma na sani, a gabana aka yi. Abu ɗaya da na riƙe shi ne duk sanda ta yi shuɗin nan ina saurin ɗaukar hoton rubutun da ke ƙasa da waya. Wani lokaci MEMORY_MANAGEMENT, wani lokaci IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jiya kuma PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Kullum da sabon suna.

Bayan Azahar muka haɗu da Ɗan Agadas, abokinmu mai gyara mana kwamfuta, a harabar Harami ƙarƙashin laimomin nan, tun kafin in gama ba shi labari ya tare ni. "Shehi, na faɗa maka na ƙara faɗa maka, ka yi mata fomatin ka huta. Windows ɗin ne ya tsufa a ciki, ya tara datti. Awa ɗaya na gama maka." Ya zaro filash ɗinsa daga aljihun gaba ya nuna min, wannan mai giga 8 ɗin da ya ɗaure da zare kore, wanda ina jin rabin kwamfutocin ɗalibanmu da shi aka yi musu wanka. Na ce masa to, bari dai in yi tunani.

Shi yana ganin tsoro ne kawai ke damuna, kuma akwai tsoron, amma shi a wajensa fomatin awa ɗaya ne, ni a wajena sati ne. Fayiloli ba matsala, suna filash suna kuma intanet. Sauran tarkacen ne. Shamila, manhajar littattafan addini, da littattafan da na yi ta ƙara mata ɗaya bayan ɗaya. Manhajar Mushafin Madina ta Majma'u Malik Fahad da nake ɗauko ayoyi da ita, wadda kowane shafi cikin 604 da nasa font ɗin, in babu su ka buɗe risalarka sai ka ga wajen ayoyi ya koma wasu akwatuna da alamomin da ba su da kai. Kibod ɗin Hausa da na sha fama kafin ƙ da ɗ da ɓ su zauna. Saitin hashiya. Firinta, wadda sai da na kusa kuka kafin ta yarda da kwamfutar. Sannan ga tambayar da shi bai tsaya a kanta ba, wanne za a ɗora? Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe tallafinsa na yau da kullum, shi kuma 11 yana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa akasari daga ƙarni na 8 zuwa sama, tawa ƙarni na 7 ce. Ɗan Agadas ya ce akwai hanyar da ake zagayewa a ɗora. Na san akwai. Ni dai ba na son in zagaya da risala a hannu.

Bayan La'asar na ɗauke ta na tafi wajen Baffa, tsohon nan mai gyaran kwamfuta.

Na same shi yadda kuka san shi, tabarau a ƙarshen hanci, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta ƙara ba sanyi, kofin shayi da na'ana'a ya huce a gefe, tebur cike da ƙananan sukurori da tsohon buroshin haƙori da kilinar 'yan makaranta. Muka gaisa ya tambayi yara da mutanen gida, na fara zuba masa bayani, na ce Baffa fomatin nake tunanin yi. Bai ce komai ba ya miƙo hannu, na ɗauka kwamfutar yake so ashe wayar. Ya yi ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya yana matso da ita kusa da ido.

"Ya waladi, wa ya ce maka fomat?"

Na ce mutane ne dai.

"Mutane. Kullu shai fomat. Kwamfuta ta yi tari fomat, ta yi atishawa fomat." Hausar Baffa kun santa, ta haifaffen nan, rabi da rabi, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan suka ƙetaro teku, shi ko Kano bai taɓa gani ba amma in ya ce "ɗan nan" sai ka rantse a Fagge ya tashi. Ya ce in da draiba ɗaya ne ya lalace ko wani fayil na Windows, galibi a wuri ɗaya za ta riƙa faɗuwa da suna ɗaya, amma wadda yau ta kira wannan gobe ta kira wancan, ba ruwanta da ko Word kake ko karatu kake, shi ƙarfen yake fara tuhuma. Zafi, ko ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ko ma'ajiyar fayiloli. Wai ram allon almajiri ne, a rubuta a wanke a sake rubutawa, to in allon ya tsage ko wane gwani ne ya yi rubutun, harafin da ya faɗa kan tsagar sai ya karkace, ka canja malami ka canja tawada duk ɗaya. Ya ƙara da cewa in ram ɗin ne kuma na yi fomatin a haka, sabon Windows ɗin ma ta cikinsa zai bi ya shiga, ƙila tun wajen ɗorawa ya shiga a gurguje, in rasa tsohon in rasa sabon.

Ya kwance bayanta. Abin da ya ciro daga bakin fanka ba zan so uwargida ta gani ba, wani dunƙulen ƙura da zaren bargo har da gashi, ya ɗaga min shi da hantsaki yana kallona ta saman tabarau, na kau da kai. Ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo. A raina na ce alhamdulillahi zafi ne, an gama. Sai ya tsaya yana kallon ram ɗin guda biyu.

"Wannan na asali ne, giga 4. Wannan fa mai giga 8?"

Na ce ƙari ne.

"Yaushe?"

Na buɗe baki zan ba da amsa sai lissafin ya zo min da kansa. Bayan babbar salla.

Ya sa nasa filash ɗin ya tayar da ita da MemTest86, manhajar gwajin ram, ya ce wannan ba ya bi ta Windows sam, shi kaɗai yake tashi ya yi ta rubutu a ram yana karantawa, saboda haka in ya ga kuskure ba mai cewa laifin Windows ne. Ko shayin da ya sa yaro ya kawo min ban shanye ba jan rubutu, alamar kuskure, ya fara fitowa. Ya kashe, ya zare mai giga 8 ya goge haƙoransa na zinaren nan da kilina a hankali, ya hure, ya canja masa rami ya mayar shi shi kaɗai. Na zauna ina addu'a a zuci wallahi kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ja ya sake fitowa. Ya cire shi ya bar na asalin, muka yi ta hira har aka kusa kiran Magariba, ba ja ko ɗaya.

"Khalas. A ina ka saya? Ka mayar musu."

Na ce ba saya na yi ba Baffa, wani ɗan'uwa ne ya ba ni.

"To ka mayar masa ka ce ya jefar, kar ya je ya sa wa wani." Ya naɗe shi a tishu ya miƙo min, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Kuɗin man kawai ya karɓa, shi ma sai da na matsa. Ya ara min filash ɗin ya ce in bar gwajin ya kwana yana yi a kan na asalin har ya gama zagaye huɗunsa, in ya fita lafiya in manta da maganar fomat.

Ka mayar masa ka ce ya jefar. A bakin Baffa abin ko nauyi babu.

Ni kuwa tun a mota nake juya shi. Don na tuna daren da Ɗan Agadas ya kawo ram ɗin nan. Lokacin ina ta ƙorafi a majalisa cewa in na buɗe Shamila da Word tare sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba, bai ce min komai ba, bayan Isha sai ga shi a ƙofa da sukundireba a aljihu, ya ciro shi daga tsohuwar kwamfutarsa da ta mutu, da a haraj, kasuwar kayan hannu, ya kai da ya samu 'yan riyaloli kuma kun san yana buƙatarsu fiye da ni. Ya zauna a kan kafet ɗinmu ya sa da hannunsa, yara sun kewaye shi, da ta tashi ta nuna giga 12 har tafawa ya yi. Na ɗauko kuɗi ya ce in na ƙara maganar kuɗi ba zai sake taka gidana ba. Washegari duk wanda ya gani sai ya ce masa "na tayar wa Shehi da kwamfuta." Kuma ta tashi ɗin, kwanakin farko gudu take kamar me.

Kun kuma san shekarar nan yadda ta zo masa. Ba sai na faɗa ba. Abin da ya rage masa da yake ɗaga kai da shi a cikinmu shi ne wannan "injiniya" da ake kiransa, kowa da matsalar waya ko kwamfuta wajensa. Yanzu ni zan je in ce masa watannin nan da nake kuka, da takhrijin da ya ɓace, da fomatin ɗin da yake ta nace min, duk daga kyautarsa ne, kuma wani tsoho ya gano kafin shayi ya huce. Ba laifinsa ba ne ko kaɗan, ram yana lalacewa, ƙila ma shi ya kashe waccan kwamfutar tasa bai sani ba. Amma na san fuskar da zai yi. Zai yi dariya ya ce "kai haba," sannan ya yi kwana da kwanaki bai zo majalisa ba.

Har na kama kaina ina wani lissafi, wai in bar shi ya zo ya yi fomatin ɗin, tunda na riga na cire ram ɗin ai za ta daina mutuwa, ya ɗauka aikinsa ne ya yi magani, kowa ya huta. Sati guda na wahalar Shamila da font da firinta don kar ran mutum ya sosu. Sai dai yana buɗe saiti zai ga giga 4, mutumin da ya yi tafi a kan 12 ba zai kasa lura ba. Na faɗa wa uwargida, ta ajiye cokali ta kalle ni ta ce "Malam kai da za ka kare risala a gaban manyan shehunai, wannan ce ta gagare ka?" Ban ba ta amsa ba. Ita ba ta ga tafin ba, tana ɗaki lokacin.

Sauran ranar ba wani abu. Gurasar tamis da miyar adas muka ci da dare don gas ya ƙare. Auta ta haddace Tabbat amma ta ƙi karanta wa kowa sai ni. Kawu ya kira daga gida kan maganar Umararsa, na ce masa sai na tambaya, ya ce kullum sai na tambaya.

Ɗazu saƙo ya shigo. "Shehi gobe bayan Asuba ina nan tafe da filash, ka kwashe fayilolinka yau." Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura masa "Allah ya kai mu."

Gwajin yana zagaye na biyu yanzu, ba ja. Da waya nake wannan rubutun, ku yi haƙuri da kurakurai. Babi na uku kuma sai dai gobe, a kan giga 4, da alwala tsakanin kowane buɗewa. Ram ɗin yana aljihun jallabiyata cikin tishunsa, bari in tashi in cire kafin uwargida ta haɗa da wanki.