Neman wa ƙanwata jami'a: abin da na gani tsakanin Maradi da Yamai

Ina shago ana sauke mini kaya ƙanwata ta kira ni tana kuka. Sai da gabana ya faɗi kafin na gane kukan murna ne, ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare da ake shiga jami'a da ita. Da dare Inna ta sa aka dama fura aka kai wa maƙwabta, sannan ta dube ni ta ce, "To, kai ne ubanta yanzu, sai ka san inda za ta." Tun rasuwar Baba ɗawainiyar gidanmu a wuyana take, ni kuwa karatuna bai wuce kwaleji ba, wato ƙaramar sakandare, ban taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Lissafin kuɗi take so ta karanta, tun tana ƙarama. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta gwamnati da ke nan Maradi ta fi ƙarfi a kimiyya, noma, kiwon lafiya da fasahar gini da lantarki. Fannin tattalin arziki da gudanarwa sai Tawa ko Yamai. Inna ta ce ba mu da kowa a Tawa, ba za ta tura ƴa mace inda ba mai sa mata ido ba. Daga nan muka koma duba makarantun kuɗi.

A nan na yi kuskurena. Wani aboki ya turo mini bidiyon wata makaranta ta Yamai a WhatsApp: ɗalibai cikin kwat, ɗaki cike da kwamfuta, ga tambarin bankuna an jera a ƙasa, an rubuta cewa aiki yana jiran duk wanda ya gama. Na kira lambar, aka ce mini gurbi ya kusa ƙarewa, in ina so in aika kuɗin rajista yau. Kafin la'asar na aika. Kawu da ke zaune a Yamai ne ya ce mini, "Ɗana, ko akuya za ka saya ai sai ka taɓa ta. Taho ka gani da idonka."

Na shiga mota, tafiyar sama da kilomita 600, muka wuce Konni da Dogon Dutsi da Dosso. Abin da na tarar gidan haya ne mai hawa ɗaya. Ɗakin kwamfutar yana nan, amma da na roƙa a kunna mini, kaɗan ne suka tashi, sauran ƙura ta rufe madannansu. Wannan bai dame ni ba kamar amsar da na samu kan sitaj, wato zaman koyon aiki da ɗalibi yake yi a ma'aikata kafin ya rubuta rahotonsa na ƙarshe. Na tambayi mai kula da rajista wane banki ne suke da yarjejeniya da shi a rubuce. Ya ce makaranta tana ba ɗalibi takardar roƙo, shi zai yawata da ita ofis-ofis. Na ce tambarin nan da ke bidiyo fa? Ya ce tsofaffin ɗalibansu sun taɓa zama a wuraren. Kuɗin rajista kuwa, ya nuna mini layin da aka rubuta cewa ba a mayarwa. Ribar kusan wata guda ce ta shagona, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin da guminmu aka tara ta.

A gidan Kawu na kwana. Maƙwabcinsa tsohon malamin lise ne, wato babbar sakandare, shi ya zaunar da ni a kan tabarma ya warware mini abin da ban sani ba. Ya ce izinin buɗe makaranta daban, amincewa da takardar da take bayarwa daban. Makaranta tana iya samun izinin gwamnati, amma fannin da yaronka zai shiga bai samu shiga ciki ba. Ya yi mini bayanin CAMES, hukumar ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda take tantance takardun jami'o'i. Ya ce ita ma fanni-fanni take amincewa, don haka in aka ce maka "muna da CAMES", ka tambaya: na wace takarda? Sannan ya bambanta mini BTS, mai shekara 2 bayan bak, wanda jarrabawarsa ta ƙasa ce, da lisansi, wato digirin farko, mai shekara 3. A jarrabawar ƙasa ba makaranta ce take ba ɗalibinta maki ba, saboda haka yawan waɗanda suka ci yana nuna maka gaskiyar koyarwarta.

Da na dawo gida na sayi littafi na musamman, na raba kowane shafi gida biyu: abin da aka faɗa mini, da abin da na gani.

Mun leƙa jami'ar Maryam Abacha da ke nan garin, wadda aka buɗe a 2013 kuma take koyarwa da Turancin Ingilishi. Ɗalibai daga Kano da Katsina da sauran jihohin Najeriya suna da yawa a can. Ƙanwata ce da kanta ta ce ba hanyarta ba ce. Duk karatunta da Faransanci ta yi, kuma a Nijar take son aiki, inda ake riƙe littattafan kamfani bisa tsarin SYSCOHADA na ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Najeriya ba ta ciki. Wanda idonsa yake kan aiki a Najeriya ko ƙasashen Ingilishi lissafinsa daban ne, kuma shi ma sai ya bincika ko ƙasar da zai koma tana karɓar takardar, tunda a watan Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, mutane da yawa suka shiga zullumi.

Maganar kuɗi ita ta fi cin shafuka. Abin da ake rubutawa a allon talla kuɗin karatu ne kawai. Bayansa akwai rajista da ake sabuntawa kowace shekara, ɗinkin kayan makaranta, kwafin darussa da ɗalibi yake biya kusan kowane mako, kuɗin jarrabawar ƙasa, da kuɗin ranar kare rahoto a gaban malamai. Da na ɗora kuɗin taksi na zuwa da dawowa daga unguwar Kawu, da abincin rana, da motar zuwa gida lokacin hutu da salla, sai na ga makarantar Yamai mai araha ta fi ta Maradi mai tsada cin kuɗi. Na kuma koyi tambayar sau nawa ake biya a shekara, da abin da ake yi wa wanda ya makara. Mu ƴan kasuwa kuɗinmu ba na ƙarshen wata ba ne. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya a 2023, shagona ya yi watanni ciniki bai taka kara ya karya ba, kuma ban manta ba.

Makarantar da muka zaɓa daga ƙarshe a nan Maradi take, ƙarama ce, ba ta da bidiyo. Sau 3 na je, biyu daga ciki ban sanar da kowa ba. Zuwa na biyu da azahar na yi shi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na tsaya in ga abin da zai faru. Cikin ƴan mintoci aka tada inji, fanka ta ci gaba da juyawa, malami bai fasa rubutu a allo ba. Ƙanwata ta shiga bayin mata ta fito ta ce da ruwa, ƙofar kuma tana da sakata. Akwai rumfar salla da aka ware wa mata gefe. Waɗannan abubuwa ba wanda yake sa su a talla, amma yarinyar da za ta wuni a wuri shekara 3 da su za ta rayu.

A gindin bedi na samu ƴan shekara ta uku su huɗu suna cin awara. Na gaishe su, na ce ni yayan mai son shiga ne, su faɗa mini tsakaninsu da Allah. Ba su ɓoye mini aibu ba. Sun ce ɗakin karatu ba shi da littattafai sosai, kuma wasu malamai daga Yamai ake ɗauko su, su dunƙule darasin wata biyu cikin kwana 10, kai ya yi ta zafi. Amma da na tambayi sitaj, kowannensu ya faɗi inda ya yi nasa: biyu a ofishin masu duba lissafi, ɗaya a asusun ba da rance, ɗaya wurin wani babban ɗan kasuwa mai fitar da aya da wake. Makaranta ce ta kai su, kuma malami yana zagayawa ya duba su. Da na koma ofis, shugaban karatu ya ciro fayil ya nuna mini yarjejeniyoyin da hatimi, ya kuma ce mini, "Alhaji, aiki na Allah ne, ba zan yi maka alkawarinsa ba. Sitaj dai muna kai kowa." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba, hankalina yana kan fayil ɗin.

Yanzu tana shekara ta biyu. Akwai mai adaidaita ɗan unguwarmu da Inna ta yarda da shi, shi yake ɗauko ta in darasi ya kai magariba. Kashi na biyu na kuɗin bana ban gama haɗa shi ba, na je na nemi a ƙara mini mako 3, aka ƙara. Ranar Asabar da ta wuce ta zo shago ta ce, "Yaya, ba ni littafin bashinka." Ta zauna a kan buhu ta ja layi biyu, ta ware abin da ake bina da abin da nake bi, har ta tono bashin wani mutumin Tibiri da na manta da shi tun kafin azumi. Jibi ranar kasuwarsu ce, zan je in karɓo.