Taswirar da ta nuna mana waɗanda muka manta da su

Ni malamin firamare ne, kuma rajistar aji ce ta jefa ni cikin wannan aiki. A wata damina na lura yaran da ke fashin makaranta su ne dai su ne, in ka tambayi dalili kuma amsar ɗaya ce: amai da gudawa. Na kwashi sunayensu na kai wa ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitin unguwarmu. Da ta buɗe littafinta, sai ga yawancinsu a ciki. Ashe rabin labarin na hannunta, rabi na hannuna, shekara da shekaru ba mu taɓa zama mun haɗa ba.

Muka kira taro. Malamai suka zo, da shugabannin addini, da 'yan sintiri, da matasa, da masu shaguna. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, aka zaɓi shugaba da ma'aji, ni aka ba ni sakatare. Wata uku muna zama, kowa da abin da ya dame shi, har aka tsaya a kan sa fitilu a babban titi. Ni ma na ɗaga hannu na amince.

Ma'aikaciyar lafiyar ce ta taka mana birki. Ta ba mu labarin wani likita, John Snow, wanda a 1854, lokacin da kwalara ke kashe mutane a birnin Landan, ya bi diddigin gidajen da aka yi rashi, ya gano sun taru ne kewaye da famfo ɗaya a titin Broad Street. Aka cire hannun famfon. Ta ce mu ma mu gwada. Muka samo babban kwali muka zana unguwa, duk gidan da yaro ya kwanta muka ɗiga jan biro, ba tare da rubuta sunan kowa ba, don sirrin marar lafiya amana ce.

Ɗigon ya taru wuri ɗaya, can gangare, inda 'yan haya da masu aikin ƙarfi ke zaune. Na ɗaga kai na dubi ɗakin taron. Ko mutum ɗaya babu daga can. Ba wanda ya hana su zuwa, amma mun sa taro da hantsi, lokacin da suke wajen neman abinci, kuma gayyatar ta bi ta hannun masu gidaje ne. Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin da hannuna na rubuta takardun gayyatar.

Muka mai da taro bayan faɗuwar rana, muka kuma sauka gangaren da ƙafarmu. Wata dattijuwa ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Malam, ai mun san rijiyar nan ce. Ka ga masai can? In an yi ruwa, duk nan yake gangarowa. Famfon mai kyau yana da nisa, da rana layi, da dare kuma ba uwar da za ta tura 'yarta wannan lungu mai duhu." Na ce, "Inna, me ya sa ba ku faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye mu?"

A maganarta ta haɗa abin da muka raba gida uku a ajandarmu. Ciwon yaran daga ruwa yake, shan ruwan daga tsoron duhu yake, duhun kuma ya daɗe ne saboda mutanen wurin ba su da mai yi musu magana. Masana tsabtar ruwa na ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Da muka auna, tazarar ba ta kai ko kusa ba.

Sauya shawarar sa fitilu a babban titi zuwa hanyar famfo bai zo da sauƙi ba. Masu shagunan da suka fi kowa zuba kuɗi suka ce a raba fitilun daidai, kowane layi ya samu. Na fahimce su, amma ban yarda ba. Raba daidai tsakanin mai ƙoshi da mai yunwa ba adalci ba ne. An yi musu sosai, mutum biyu suka janye gudummawarsu, ɗaya har yau bai dawo ba. Abin da ya riƙe sauran shi ne kwalin nan, da lissafin kuɗin da muke mannawa a bango duk wata, shiga da fita, kowa ya gani.

Aka kafa fitilu a hanyar famfo, 'yan sintiri suka sa ta cikin zagayensu. Aka rufe rijiyar ga sha, aka bar ta don wanki. Mata huɗu daga gangaren suka shiga kwamiti da cikakken ikon kaɗa ƙuri'a. Su ne suka bi gida gida suna koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, sai a garzaya asibiti, inda ake ƙara wa yaro ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Daga baya na karanta cewa taron Alma-Ata na 1978, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya, ya bayyana cewa shiga cikin tsara harkar lafiya haƙƙi ne na jama'a kuma nauyi ne a kansu. Mu sai da muka yi tuntuɓe muka gane haka.

Magudanar ruwan gangaren har yanzu ba a gyara ba, domin ta fi ƙarfin aljihunmu. Takardarmu tana gaban hukuma, kuma duk zuwan da za mu yi bibiya, dattijuwar nan ce ke shiga gaba da kwalin a hannunta.