Fiji, Ƙasar da Ake Shiga Ƙauye da Saiwa a Hannu

Fiji tarin tsibirai ne sama da 300 a kudancin tekun Fasifik, amma mafi yawan jama'arta suna zaune ne a manyan tsibirai biyu, Viti Levu da Vanua Levu, kuma babban birninta, Suva, yana kan na farkon. Ta sami 'yancin kai daga Ingila ranar 10 ga Oktoba, 1970. Tsakanin 1879 da 1916 Turawa sun kwaso Indiyawa kimanin 60,000 domin aikin gonakin rake, shi ya sa a yau ake ganin masallatai da wuraren ibadar Hindu kusa da majami'u.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne al'adar da suke kira sevusevu. Baƙo ba ya kutsa kai cikin ƙauye haka nan. Sai ya je gaban mai gari da damin busasshiyar saiwar wani tsiro da suke kira yaqona, wadda matsayinta a wurinsu ya yi kama da na goro a wurinmu. Ana daka ta, a jiƙa da ruwa, a tace cikin babban akushi mai suna tanoa, sannan a ɗiba da ɓawon kwakwa. Mai karɓa zai tafa sau ɗaya, ya shanye a tashi guda, ya sake tafawa sau uku, ko da ruwan mai launin ƙasa ya sa harshensa ya yi nauyi.

Wani abin kuma da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, sanya hula a cikin ƙauye rashin ladabi ne ga mai gari, don haka baƙo yakan cire ta tun daga bakin gari.