Godiya daga Kirkisoye, bayan ruwa ya janye

Jiya muka kwashe tabarminmu daga lakwal, makarantar da muka fake, muka koma gida. Jiki duk ya mutu, hannuna ma rawa yake, amma ba zan iya kwanciya ban ce na gode ba.

Kun san yadda muke zaune a unguwar Kirkisoye da ke Harobanda, tsallaken kogi a Yamai: iyali huɗu, ƙofa ɗaya, tukunya ɗaya, asusu ɗaya, addu'ar asuba a ƙarƙashin dogon yaro. Da muka taso daga hayin gari muka kama wannan gidan laka, cewa muka yi Ubangiji ya kira mu mu zauna cikin talakawa mu yi musu hidima. Tsofaffin unguwa sun ba mu labarin ambaliyar 2012, sun nuna mana inda ruwa ya tsaya a jikin bango. Muna jin rediyo na cewa kogi ya haura santimita 620, mazanmu suka tafi cika buhunan yashi a bakin madatsa. Sauran kun gani a hotuna.

Abin da ba ku gani ba shi ne tsakar dare. Wuta ta ɗauke, ruwa ya kai mini gwiwa, katangar bayan gida ta zube kamar an jiƙa fura. Ina riƙe da yara biyu, jaririyar tana kan gado tana ihu, ƙafafuna suka ƙi motsi. Addu'a ma ta ɓace mini, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Sai ga hasken tocila, Inna mai ƙosai ce, carbinta a wuya, zanenta ya jiƙe sharkaf. Wannan tsohuwar da muke aika wa kwanon tuwo muna ganin taimakonta muke yi. Ba ta ko yi sallama ba. Ta sunkuci yarinyar ta goya, ta ɗaure majanyi tamau, ta ce, "Ɗiyata, kama bakin zanena, kar ki dubi ruwa, ki dube ni." Haka muka fita, ina bin bayanta har kan kwalta. Da gari ya waye na ga tafin ƙafarta ya tsage, kwanon rufi ya yanke ta, ba ta ce uffan ba.

Inna, na san ba kya son a ambace ki, ki gafarce ni. Allah ya ba ki lafiya, ya raya jikokinki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Malam limamin unguwa, kai ka ce a bar mana aji guda mu yi sujada ran Lahadi, ka tsawata wa yara su yi shiru. Baba mai kwalekwale, sawu uku ka yi, ka fito mana da buhun hatsi da asusunmu, ka ƙi karɓar ko dala. Zumuntar mata, kun ciyar da mu, kun ciyar da maƙwabtanmu ba tare da tambayar wa ke zuwa majami'a ba. Fasto da dattawa, mun ga gidajen sauro da maganin zazzaɓi. Ubangiji ya sāka muku, ya tsare gidajenku, ya cika rumbunanku, kada ya nuna muku dare irin wannan.

Akwai 'yan'uwa na jini da gadar Kennedy kawai ta raba mu. Tun farko sun ce me ya kai mu zaman Kirkisoye da yara ƙanana. Na yi ta duba waya kwana da kwanaki. Ba komai, na yafe, ƙofa a buɗe take.

Ɗaki biyu sun tsaya, biyu sun faɗi. Mun zauna mu takwas mun yi shawara, ba wanda ya ce a tashi. Da rani za mu buga tubali, kuma ɗakin Inna za a fara tayarwa, don nata ya rushe gaba ɗaya. Yanzu tana kwana wurinmu. Mai shebur ko baro da zai ara mana, ya same mu bayan sujada.